Amsa ga wanda ya ce an saye ni

Malam, assalamu alaikum.

A bainar jama'a ka tambaye ni nawa kamfanonin iri suka ba ni har nake kare fasahar gyaran ƙwayoyin halittar shuka, kuma ko zan yarda 'ya'yana su ci abin da aka gyara. Zancen kuɗin ne ya ƙona mini rai. Na yi shekaru ina aikin kyautata iri, abokan aikina suna nan da ransu, je ka tambaye su ko sisin wani ya taɓa shiga aljihuna. Da ilimi kake nema, ai da ka same ni mun zauna. Ka zaɓi taro ne don a tafa maka, kuma hakan bai dace da mai girma irinka ba.

Batun 'ya'yana kuwa, zan ba su su ci.

Tun wajejen 1950 masana ke haska wa iri hasken gamma, wani haske mai ƙarfi irin na nukiliya, don ƙwayoyin halittarsa su sauya barkatai, sannan a tsinci wanda ya yi kyau. Fiye da iri 3,000 aka samar ta wannan hanya, duniya na ci, ban taɓa jin ka ɗaga murya ba. CRISPR, fasahar gyaran da nake karewa, wadda Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana a 2012 har ta kai su ga kyautar Nobel a 2020, tamkar almakashi ce: wurin da aka nufa take yankawa, sau da yawa ba tare da an shigo da komai daga wata halitta ba. Da irin wannan gyara masana a Sin suka samar da alkama mai jure cutar farar ƙurar ganye a 2014. Japan kuma ta fara sayar da tumatir ɗin da aka gyara a 2021. Almakashin kan kuskure wuri, shi ya sa nake goyon bayan a binciki kowane iri kafin ya bar gonar gwaji.

Abin da ke hana ni barci, wanda ko ambatonsa ba ka yi ba, shi ne haƙƙin mallaka. Takardun mallakar fasahar suna hannun jami'o'i da kamfanoni ƙalilan. In aka tsaurara doka fiye da kima, kamar hukuncin kotun Tarayyar Turai na 2018, manyan kamfanoni ne kaɗai za su iya biyan kuɗin cika sharuɗɗan, ƙananan cibiyoyin bincike su koma 'yan kallo. Surutun da kuke yi, Malam, can yake tura mu.

Wassalam.