Rahoton Ayyukan Shekara: Gawayi da Narkar da Ƙarfe

'Yan'uwa mambobi, assalamu alaikum. Babban taronmu na bara ya ɗora wa kwamitin zartarwa binciken ko gawayi zai iya maye gurbin gasasshen kwal a tanderun narka tama, har a samu ragin iskar kabon. Wannan aiki ne ya cinye mafi yawan shekarar.

Mun fara da zaman karatu na wata-wata. Masana'antar ƙarfe tana fitar da kashi 7 zuwa 9 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke fitarwa, kusan tan 2 kan kowane tan ɗaya na ƙarfe. Ba zafi kaɗai ake nema wajen kwal ba, kabon ɗinsa ne ke zare iskar oksijin daga jikin tama. Gawayi ma yana yin haka, da shi ma aka saba kafin Abraham Darby ya narka tama da gasasshen kwal a Ingila a 1709. Bambancin kawai, kabon ɗin gawayi bishiya ce ta zuƙo shi daga iska, idan aka dasa wata za ta sake zuƙewa.

Mun fi daɗewa a kan Brazil, domin a can ne abin ke gudana da gaske. A jihar Minas Gerais, kamfanoni irin su Aperam suna da manyan gandayen bishiyar turare, a sare bayan kimanin shekara 7, a gasa, a kai tanderu. Gawayin ba shi da sulfa da toka da yawa, ƙarfen kan fito da tsabta. Amma yana da rauni, nauyin tama na murƙushe shi, ya toshe hanyar iska, shi ya sa ƙananan tanderu kawai yake ɗauka. Wasu matasanmu sun so a tsallake ɗaya ɓangaren labarin, kwamiti bai yarda ba: an cinye dazuzzukan Cerrado da na yankin Carajás saboda gawayi, an kuma sha kama masu sa mutane aikin bauta a wuraren gasawa. Tsohuwar hanyar gasawa ita ma tana sakin iskar mitan, wadda ta fi kabon ɗumama duniya.

Da rani mun kai ziyara wurin maƙera. Wani dattijo ya ɗebo gawayin ƙirya ya buga guda biyu, suka yi ƙara kamar ƙarfe, ya ce da wannan suke sanin mai kyau. Yaronsa na zuga, wutar ta yi fari ba hayaƙi. Kukansu ɗaya ne, ƙirya ta yi nisa, buhu ya yi tsada. Idan maƙerin lauje da fartanya ke wannan kuka, ina ga masana'anta?

Saboda haka matsayin kwamiti shi ne, ba za mu goyi bayan gawayin daji ba. A yankin da hamada ke matsowa, duk wanda zai narka ƙarfe da gawayi sai ya fara nuna gandunsa. Tanderun kamfanin ƙarfe na Ajaokuta da ke jihar Kogi kuwa, wanda har yau bai fara aiki ba, don gasasshen kwal aka tsara shi, maganar zuba masa gawayi ba ta ma taso ba. Inda muke ganin ƙofa shi ne masana'antun da ke narka tsofaffin ƙarafa da wutar lantarki, waɗanda kabon kaɗan suke buƙata. Mun fara gwajin gasa ɓawon gyaɗa da totuwar masara, aikin bai kammala ba.

Asusu bai yi ƙarfi ba, mambobi da yawa ba su biya kuɗin wata ba, ma'aji zai karanto bayani a taro. Baɗi muna neman izininku mu ci gaba da gwajin, mu kuma nemi fili don dashen gwaji.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa