Samarin da Suka Kwana a Daji Don Itatuwa Su Rayu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na saurari shirinku na makon jiya kan kwararowar hamada, inda baƙonku ya taɓo sansanonin aikin daji na Amurka a gurguje. Ni tsohon ma'aikacin gandun daji ne, kuma tarihin nan ya daɗe a raina, don haka a ba ni dama in ƙara bayani.

A 1933 tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu neman aiki yana zaman kashe wando. Shugaba Franklin Roosevelt ya hau mulki ranar 4 ga Maris. Kafin watan ya ƙare ya sa hannu a dokar da ta kafa rundunar da ake kira CCC (Civilian Conservation Corps), wato rundunar farar hula ta aikin kare daji, kuma ranar 17 ga Afrilu aka buɗe sansanin farko a dajin George Washington da ke jihar Bajiniya. Mako shida ke nan kacal!

Samari marasa aure aka fara ɗauka, 'yan shekara 18 zuwa 25, a zuba kusan 200 a kowane sansani. Sojoji ke kula da makwanci da abinci da tufafi, ma'aikatan daji kuma su nuna aiki. Albashi dala 30 ne a wata, amma 25 gida ake aika wa iyaye, yaro ya riƙe biyar. Wannan tsari ya fi komai burge ni, domin gumin ɗa guda yana ɗora tukunya a gidan da ya baro. Da dare akwai ajin yaƙi da jahilci, dubbai a nan suka koyi karatu da rubutu.

Zuwa 1942, da Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe samarin, majalisar dokoki kuma ta tsayar da kuɗin, kusan mutum miliyan 3 sun ratsa sansanonin. Sun dasa itatuwa wajen biliyan 3, sun fitar da hanyoyin daji, sun gina hasumiyoyin hangen gobara da shingayen hana zaizayar ƙasa. Shirin yana da tabonsa. A 1935 shugabansa, Robert Fechner, ya ba da umarnin ware baƙaƙen fata a sansanoninsu daban, mata kuwa ba a ɗauke su ba. Wannan zalunci ne, kada a ɓoye shi.

Abin da nake so a lura da shi, Edita, samarin nan a dajin suke kwana, wata da watanni, idonsu a kan aikinsu. Ni kuwa na sha tsayawa wurin bikin dashe a nan gida. A kawo dashen dalbejiya cikin baƙar leda, babban baƙo ya tsuguna ya dasa, ya zuba ruwa da buta, a ɗauki hoto, a watse. Kafin bazara ta yi nisa awaki sun cinye su tas, sai ƙayar da muka kewaye su da ita ta rage. Abin yana ci mini rai har yau, domin da hannuna na raini wasunsu tun suna iri.

Ina roƙonku ku ware wa tarihin nan shiri guda cikakke, ku gayyato masu kula da aikin Babbar Katangar Itatuwa ta Afirka, wato shirin dasa itatuwa a yankin Sahel don tare hamada, ku tambaye su wa ke shayar da dashen daga Nuwamba zuwa Mayu, kuma nawa ake biyansa.

Na gode.

Mai saurarenku a kullum, daga Gumel.