Wasiƙa zuwa ga aminina: biro a hannun ɗalibi

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da duk waɗanda ke tare da kai. Ya aiki, ya ƙoƙari? Ni ma lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na ga ƙorafinka a saƙon da ka aiko, cewa na yi shiru kamar an aiki bawa garinsu. Gaskiyarka ce, ka yi haƙuri. Tun farkon zangon nan na shiga cikin ɗaliban da kwaleji ke ɗauka su riƙa taimaka wa 'yan'uwansu da karatu. Ba na tsayawa gaban aji, ba na ba da maki. Wani ɗaki ne kusa da laburare, da tebura kaɗan da allo ɗaya. Nan nake zama sau uku a mako, awa biyu-biyu, duk wanda lissafin shekarar farko ya sha wa kai sai ya zo mu zauna. Kafin a ɗauke ka sai ka ci darasin da sakamako mai kyau, malamin da ya koyar da kai ya shaide ka, sannan a yi maka ɗan horo.

Da na shiga, na ɗauka aikin bayani ne kawai. Ɗalibi ya kawo tambaya, in karɓi birona in warware masa tsaf, layi bayan layi, in ce ka gane? Ya ce na gane, ya yi godiya ya tafi, ni kuma raina fes. Bayan kwana biyu sai ga shi ya dawo da irin tambayar, lambobin kawai aka canza. Abin ya dame ni ƙwarai, mutumina, don na san ban ɓoye masa komai ba.

Matar da ke kula da mu ce ta gano inda gizo ke saƙar. Ta zauna a gefe wata rana tana kallona. Da ɗalibin ya fita ba ta yi mini faɗa ba, sai ta tambaye ni: cikin awar nan, wa ya fi riƙe biro? Ni ne, daga farko har ƙarshe. Ta kuma nuna mini cewa idan na yi tambaya, kafin yaron ya buɗe baki na riga na amsa kaina. A nan ta ba mu labarin Mary Budd Rowe, wata malamar kimiyya a Amurka wadda a farkon shekarun 1970 ta yi nazarin muryoyin da aka naɗa a azuzuwa. Ta gano cewa malami kan jira kusan sakan ɗaya ne bayan ya yi tambaya, amma idan ya jira sakan uku ko fiye, amsoshin ɗalibai kan yi tsawo, waɗanda ba sa magana ma su fara sa baki. Sakan uku kamar ba komai ba ne. Ka gwada zama gaban mutumin da ya sunkuyar da kai yana fama, amsar tana kan harshenka, za ka ji nauyinsu.

Bari in ba ka labarin wanda ya sa na yarda da wannan magana da zuciya ɗaya. Wani bawan Allah ne da ya girme ni nesa, ya bar karatu shekaru masu yawa sannan ya dawo. Malam yake ce mini, ni kuwa kunya ta kama ni, na roƙe shi ya bari, ya ƙi. Ranar da ya fara zuwa, kafin ya zauna ya ce shi kansa ba ya ɗaukar lissafi. A takardarsa ya rubuta cewa idan ka haɗa lambobi biyu, a da b, ka ninka jimlar da kanta, za ka samu a sau a da b sau b, shi ke nan. Kuskure ne da kusan kowa ya taɓa yi. Hannuna har ya kai kan biro, sai na mayar da shi ƙarƙashin tebur.

Na ce, Yaya, mu gwada da lambobi, sa 2 da 3. Ya haɗa ya samu 5, ya ninka ya samu 25. Ya bi hanyarsa kuma, 4 da 9, ya samu 13. Ya tsaya yana duban lambobin biyu. Na yi shiru. Can ya ce, to ina 12 ta shiga? Na ce ya zana murabba'i mai tsawon 5 ta kowane gefe, ya raba kowane gefe gida biyu, 2 da 3. Ya ja layukan da kansa, hannunsa na ɗan rawa, gidaje huɗu suka fito. Ya rubuta 4 a ƙaramin, 9 a babban. Saura biyu. Ya daɗe yana ƙirga, sannan ya rubuta 6 a wannan, 6 a wancan, ya ɗora yatsa a kansu ya ce, ga ta nan. Bai dube ni ba ma, takardar yake ta kallo. Wallahi har yanzu in na tuna fuskarsa sai in ji wani abu a ƙirjina.

Kuma ka san me? Ni kaina tun sakandare na haddace wannan ƙa'ida, na ci jarrabawa da ita ba sau ɗaya ba, amma sai da na zauna ina neman yadda zan nuna wa wani sannan na gane dalilinta. Seneca, masanin Rum na ƙarni na farko, ya rubuta wa abokinsa Lucilius cewa mutane suna koyo yayin da suke koyarwa. Na ga haka da idona. Abin ma ba sabo ba ne: Andrew Bell ya sa yara suna koyar da yara a wata makarantar marayu a Madras ta Indiya, ya wallafa bayanin tsarin a 1797, Joseph Lancaster kuma ya buɗe tasa makarantar mai irin wannan tsari a Landan a 1798. Sai dai su ƙarancin malamai suke neman rufewa, kuma hadda ta fi yawa a ciki. Ni ba na so a mayar da mu haka. Ɗalibi mai taimako ba ya maye gurbin malami, kuma idan tambaya ta fi ƙarfina, wurin malamin darasin nake tura mai ita kai tsaye.

Akwai ɓangaren da ba daɗi. Wani abokin karatuna ya kawo mini aikin jinga da za a ba shi maki a kai, ya ce in taimaka in yi masa, lokaci ya ƙure. Doka ta hana mu, ni ma zuciyata ba ta yarda ba. Na ce mu zauna mu warware masu kama da shi har ya iya nasa da kansa. Ya tattara takardunsa ya fita. Mako biyu gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu ba. Malami yana da ofis da tazara, ni kuwa gobe da safe benci ɗaya za mu zauna da wanda na hana. Ya yi mini ciwo, amma ko yau ya dawo amsar ba za ta canza ba.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda ba sa zuwa sai jarrabawa ta matso, don suna ganin shiga ɗakin nan tamkar shelar gazawa ce. A 1973 Deanna Martin ta fara wani shiri a Jami'ar Missouri da ke Kansas City, inda maimakon a ware ɗalibai masu rauni, sai a ware darussan da aka fi faɗuwa a cikinsu, a buɗe zaman ga kowa da ke ajin. Na kai wa mai kula da mu wannan shawara, ta ce za mu gwada zango mai zuwa da darasi ɗaya.

Yanzu ga roƙona. Wata ɗaliba ta tambaye ni me ya sa idan aka ninka lamba mai alamar ragi da wata mai alamar ragi sai ragin ya ɓace. Ta ce dokar ta sani, dalilin take so. Ina da hanya ɗaya ta bin jerin lambobi ana saukowa har a wuce sifili, amma na tuna kai ka fi ni iya kawo misali. Ranar Alhamis za ta dawo, don Allah ka aiko mini da taka kafin nan. Yayan nan kuma saura mako uku ya zauna jarrabawa, ka sa shi a addu'a.

Ka gaida kowa da kowa. Ina jiran amsarka.

Naka amini har kullum.