Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban riƙo na birnin Damagaram

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe.

Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, mutumin Garin Malam ko Kara-Kara ba shi da konseyen da zai tare a ƙofar masallaci ya faɗa masa fanfo ya ƙafe. Koken kuwa bai tsaya ba, salula ya koma. Duk wanda ke cikin zaurukan WhatsApp na unguwanni ya san yadda saƙonnin murya ke kwarara da zarar bazara ta kama: mace ce ke magana daga layin ruwa, ana jin karon bido a bayanta, tana faɗin nawa ƴan garuwa suka ƙara yau. Saƙon yana yawo tsakaninmu ya mutu, bai iso teburinka ba.

Roƙona shi ne ma'aikatar magajin gari ta buɗe lamba guda ta karɓar saƙon murya. Murya nake nufi, don yawancin masu koken ba su rubutun boko, balle na Faransanci. Ma'aikaci ɗaya ba zai iya sauraren wannan tulin ba, a nan ƙirƙirarriyar basira, wato na'urar da ke kwaikwayon tunanin ɗan Adam, za ta yi rana: ta mayar da magana rubutu, ta ware na ruwa daban, na shara daban, ta nuna unguwar da kuka ya fi yawa. Tunda Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ai Damagaram ce ta dace ta fara.

Sai dai a yi hattara da na'urar. Abin da aka ciyar da ita shi ta sani, kuma Hausar da ta fi cika intanet ta Najeriya ce. Tsohuwa ƴar unguwar Birni da ke cakuɗa Hausa da Barbarci, ko makiyayin da zai yi magana da Fulatanci, tana iya jin su a karkace, ta jefa kokensu kwandon da ba nasa ba, ba wanda ya lura. A nemi ɗaliban Jami'ar André Salifou su riƙa bin aikinta da kunne. Kuma kada a bari yawan saƙo ya zama alƙali, don unguwar da ta fi kuɗin sayen megabit ba ita ta fi ƙishirwa ba. Hukunci na mutum ne, mai suna da ofishi.

Saura tsoro. Tun watan Yunin 2024 aka maido da hukuncin ɗauri cikin dokar laifuffukan intanet, mutane na tauna magana kafin su danna. In ba ka fito ka ce wanda ya kawo kuka ta wannan lamba ba za a bi sawunsa ba, kirari kawai za ka samu.

Sannan duk ƙarshen wata ka zo gidan rediyo, Anfani ko ta gwamnati, ka karanto abin da aka aiko, da wanda aka gyara, da wanda ba kuɗin yinsa bana.

Allah ya taya ka riƙo.

Wani malamin makaranta, unguwar Sabon Gari, Zinder.