Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Baba Shugaban ikilisiyoyinmu na jihar Tahoua: ina lissafin baiko?

Baba Shugaba, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Allah ya ƙara muku lafiya.

Ranar da aka ɗora muku hannu, kun tsaya gaban jama'a kun ce kowace shekara za a karanta lissafin kuɗin ofishinku, shiga da fita, kuma ku ne za ku fara kafin a nemi na kowane fasto. Aka yi tafi, zumuntar mata har da guɗa. Kaka ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ko layi ɗaya ba a karanta ba. Wa'azi kan riƙon amana kam, madalla, mun sha har mun ƙoshi.

Ba mu ce kun ci ba, Baba. Amma ƙananan fastoci hannunku suke kallo. Yau in ma'aji ya nemi resi wurin faston ƙauye, amsar a shirye take: ai shugaba ma ba ya bayarwa. Da me zai ja da shi?

Aikin nan ba ya buƙatar kwamfuta. Ana tashi sujada, mutum uku su zauna cikin coci, ƙofa buɗe, kuma kada biyu cikinsu su fito gida ɗaya. Kwandon baiko ba ya zuwa gidan kowa, ko da na minti biyar ne. A ware takardun jika goma, jika biyar, jika biyu, jika da dala ɗari, kowane kashi da layinsa cikin kaye, wato littafin lissafi, silalla a ƙarshe. Ɗaya ya ƙirga, na biyu ya maimaita, na uku ya rubuta, dukansu su sa hannu kafin su tashi. A nan ne kuskuren da ya fi ɓata zumunci yake shigowa: mai ƙirga ya ce ɗari uku, yana nufin dala, wato sefa 1500, mai rubutu kuma ya sa 300. Giɓin 1200 ke nan ba wanda ya saci ko dala, sai wata uku ta wuce a fara kallon ma'aji da wutsiyar ido. Maganinsa a rubuta da sefa a kan shafi, a riƙa faɗin adadin da dala da sefa duka. Kuɗi su shiga asusu ran Litinin, kada su fita sai da sa hannun mutum biyu, kuma fasto ba ya cikin biyun. In an turo taimako ta waya ko ta kamfanin aika kuɗi, lambar ma'aji za a bayar, a manna takardar cikin kaye. Taimakon da ya sauka a wayar shugaba, ko da zuciyarsa fara ce tas, ya riga ya gauraya da kuɗin cefane.

Hatsin godiyar kaka ya fi kuɗi saurin zubewa, don ba ya ƙara in an ɗiba. A sussuke damman, a auna da tiya ɗaya tak wadda kowa ya sani, a rubuta. Buhu mai kilo 100 yana ɗaukar wajen tiya 40. In wannan ya auna da tozo wancan ya share baki, a buhu goma za a rasa abin da zai ciyar da gwauruwa mako biyu. Ɗakin ajiya kwaɗo biyu, makulli a hannu biyu, buhuna bisa katako saboda gara da laima. A watan Yuli da Agusta, lokacin da rumbuna suka kwanta, a raba bisa jerin sunayen da dattawa suka karanta a fili.

Kun fi mu sanin cewa ba mu muka ƙago wannan ba. A 2 Sarakuna 12, Yehoyada firist ya huda murfin akwati ya ajiye kusa da bagade, in kuɗi sun taru magatakardan sarki da babban firist ne suke ƙirgawa tare. Manzo Bulus, da duk girmansa, bai ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa 8 ikilisiyoyi ne suka zaɓi ɗan'uwan da zai raka kuɗin, don kada a sami abin zargi. Nehemiya ya yi shekara 12 yana gwamna bai karɓi abincin da ake ba gwamna ba, alhali mutum 150 suna ci a teburinsa. Ko Bulus ne aka fi tuhuma da ku, Baba?

Don Allah ku tausaya wa tsohuwar da take kwance dala ashirin daga bakin zanenta ran Lahadi. Ku tuna kuma mu 'yan kaɗan ne a Adar. Maƙwabtanmu Musulmi ba sa shiga coci su ji wa'azinku. A kasuwa suke auna mu, wurin biyan bashi da cika alkawari, kamar yadda suka san asibitin Galmi tun 1950 ta hannun masu jinya. Maganar kuɗin coci in ta fita, gobe tana bakin mahauta.

Akwai batun taron ƙarfe tara da ba a farawa sai kun iso sha ɗaya, da masu bishara na ƙauye da suke biyan mai daga aljihunsu. Waɗannan sa jira.

Abin da muke roƙo ɗaya ne. Kafin bikin godiyar kaka mai zuwa, ku ba dattawa biyu da ma'aji ɗaya daga wata ikilisiya kaye da resin ofishinku na shekara biyu, su duba, ku tsaya da kanku a karanta sakamakon, a manna kwafi a ƙofar kowace coci. In akwai giɓi, ku faɗe shi da bakinku, za mu zauna tare a ga yadda za a cike.

Naku cikin Almasihu,
Wasu dattawa da ma'ajin ikilisiyoyi, Tahoua