A riƙa tunawa da marubutan Harlem in ana zancen adabin Amurka

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki.

Don Allah ka ɗan ba ni fili in amayar da abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Duk sanda aka tashi zancen manyan marubutan Amurka na farkon ƙarni na 20 sunaye uku ne dai ake ta nanatawa, Hemingway, Fitzgerald, sai Faulkner, shikenan. Ni ba na musun gwanintarsu, Hemingway da Faulkner ma ai sun ci kyautar Nobel, amma a daidai wannan lokacin akwai baƙar fata a unguwar Harlem ta birnin New York da rubutunsu ya ratso teku har Afirka, kuma wallahi su ya kamata a ce mun fi sani.

Langston Hughes bai wuce shekara 20 ba lokacin da mujallar The Crisis ta buga waƙarsa a 1921, wadda a ciki ya ambaci kogin Nilu da na Kwango yana danganta kansa da su. Editan mujallar kuwa W.E.B. Du Bois ne, wanda daga baya ya koma Ghana ya rasu a Accra a 1963.

Amma wadda labarinta ya fi taɓa min zuciya ita ce Zora Neale Hurston. Matar nan ta yi karatu a kwalejin Barnard sannan ta koma kudancin ƙasar tana bi ƙauye ƙauye tana tattara tatsuniyoyin mutanenta, da ta fitar da littafin labarinta Their Eyes Were Watching God a 1937 sai ta bar mutanen ciki suna magana yadda suke yi a gida ba gyara ba ado, wasu ƴan uwanta marubuta irin su Richard Wright suka yi mata ca wai ta ba farar fata abin dariya. Ni kam ina ganin ita ke da gaskiya, martaba ta ba mutanenta. Ƙarshe har aikatau sai da ta yi, ta rasu a 1960 cikin talauci a jihar Florida aka binne ta kabarin ko suna babu, sai a 1973 marubuciya Alice Walker ta je ta nemo wurin ta sa masa alama.

Roƙona shi ne shafinku na adabi ya ware ko da sati ɗaya ne ga waɗannan bayin Allah, in da hali ma a fassara mana waƙar Hughes ɗin da Hausa.

Na gode, Allah ya ƙara basira.
Mai karanta jaridarku kullum.