Gurbin Ɗan Ƙauye Da Ake Bai Wa Ɗan Darakta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan wani abu da kowane malamin makaranta ya sani, amma ba kasafai ake faɗarsa a bainar jama'a ba, domin masu yin sa su ne ke sa hannu a takardar ƙarin girmanmu da ta canjin wurin aiki. Ni kuwa na yi ritaya, babu wanda zai iya tura ni wani lungu yanzu. Maganar ita ce yadda jami'an ilimi, tun daga ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma har zuwa daraktocin ma'aikata da shugabannin makarantu, suke tsallake ƙa'idojin ɗaukar ɗalibai da su da kansu suka rubuta, idan abin ya zo kan 'ya'yansu.

A ƙasashe irin su Amurka, unguwar da mutum yake zaune ita ke nuna makarantar gwamnatin da ɗansa zai shiga. Mu nan asalin uba ake dubawa: wace jiha, wace ƙaramar hukuma, wani lokacin kuma wace firamare yaron ya gama. Duba makarantun haɗin kai na Gwamnatin Tarayya, waɗanda muke ce wa Fedaral. An fara da uku a 1966, Sakkwato da Warri da Okposi, sannan gwamnatin Janar Gowon ta yawaita su bayan yaƙin basasa, yau sun haura ɗari. Hukumar NECO ce ke shirya jarrabawar shiga, wadda muka saba kira Kwaman. A zamanin Minista Adamu Adamu an bayyana yadda ake raba gurabe: kashi 60 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki a faɗin ƙasa, kashi 30 a raba daidai tsakanin jihohi, kashi 10 kuma a ajiye don abin da suka kira larura. Saboda rabon jihohi ne makin shiga yake bambanta. A jerin 2013 da aka yi ta cece-kuce a kansa, ɗan Anambra sai ya ci 139 cikin 200, yaro namiji daga Yobe kuwa maki 2 ya ishe shi.

An yi mana dariya ƙwarai, mu 'yan arewa, a wancan lokaci. Babban lauya Olisa Agbakoba ya kai gwamnati ƙara kan wannan bambancin maki, Babbar Kotun Tarayya a Legas kuma ta ba shi gaskiya a 2014. Ni ban taɓa goyon bayan soke sassaucin ba, har gobe. Yaron da ya yi firamare a ajin da iska ta yaye rufinsa, malami ɗaya yana zagaya aji uku, bai kamata a auna shi da mudu ɗaya da wanda ya tashi a gidan da ake ɗaukar masa malamin darasin yamma ba. Abin da ya dame ni shi ne, mun tsaya kare sassaucin daga 'yan kudu, ba mu waiwaya mun ga wanda ke shiga ta ƙofar ba. A abin da idona ya gani, sau da yawa ba ɗan ƙauyen ba ne. Ɗan ma'aikacin ilimi ne da aka haifa a birni, ya yi makarantar kuɗi a birni, bai taɓa kwana a garin da sunansa ke kan takardarsa ba. Kamar a dama wa majiyyaci kunu ne, mai jinya ya shanye, ya ce ai shi ma yunwa yake ji.

Hanyoyin ba ɓoyayyu ba ne. Ta farko takardar shaidar asali, wadda ake kira indijin. A ƙa'ida mai unguwa da dagaci da hakimi ne ke shaida cewa sun san mutum kafin ƙaramar hukuma ta ba shi. Amma jami'in da ya san wace ƙaramar hukuma ce ba ta cika kasonta ba, ya kuma san makin kowace tun kafin a liƙa sakamako, ba ya rasa wanda zai buga masa hatimi. Na san gidan da 'ya'ya uku na uba ɗaya suke ɗauke da ƙananan hukumomi daban-daban. Ta biyu canjin makaranta: yaron da bai ci jarrabawa ba sai a ajiye shi a wata makaranta ya yi aji ɗaya, shekara na zagayowa a shigo da shi aji biyu da takardar tiransifa, babu wanda ya tambayi makinsa. Ta uku jerin sunayen da ake cewa ya zo daga sama. Furinsifal zai ce maka an ɗaure masa hannu, in ka duba kuwa sai ka ga sunan ɗan ƙanin matarsa a tsakiyar jerin.

Ta huɗu ita ce ta same ni, don haka zan ɗan tsaya a kanta. Lokacin da nake hedimasta a wata firamare ta ƙauye, akwai wata makarantar kwana ta gwamnatin jiha da ke ware wa kowace ƙaramar hukuma gurabe ƙalilan, sharaɗin kuma shi ne yaro ya fito daga firamaren gwamnati ta yankin. Wata rana ana dab da rufe rajista sai ga wani babba daga ofishin ilimi ya zo da mota har bakin ofishina, abin da bai saba ba, domin ko ranar da ginin aji biyar ya faɗi saƙo ya aiko. Bayan mun gaisa ya fito da 'yar takarda mai ɗauke da sunan 'yarsa.

Ya ce, "Malam Hedimasta, alfarma nake nema. Ka sa min ita a rajistar aji shida, ka rubuta mata takardar kammalawa."

Na ce, "Yallaɓai, ai yarinyar nan ban taɓa ganinta ba. Aji nawa take?"

Ya ce aji huɗu take a wata makarantar kuɗi a babban birnin jiha, amma tana da ƙoƙari, ta fi 'yan aji shidana. A wannan ban yi masa musu ba, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Na ce masa rajista amana ce, sufeto zai iya zuwa ya duba. Sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, su waye sufetocin?" Muka rabu lafiya, har ya bai wa maigadi kuɗin goro. Bai yi min komai ba, ba a canza min wurin aiki ba, ba a riƙe min albashi ba. Da sakamako ya fito sai na ga sunan yarinyar a ƙarƙashin wata firamare da ke maƙwabtaka da mu.

A waccan shekarar ina da wata ɗaliba wadda ban taɓa koyar da mai kaifin lissafinta ba. Mahaifinta manomi ne, da rani kuma yana saƙar zana. Sai da muka haɗu da liman da mai unguwa muka yi ta sintiri gidansa kafin ya yarda ta zauna jarrabawa, shi ma da sharaɗi: in makarantar kwana ce ya amince, amma 'yarsa ba za ta riƙa bin hanyar daji kullum zuwa jeka-ka-dawo ta wani gari ba. Ta ci jarrabawa, ta haye makin da aka yanke, amma aka ce gurbin ƙaramar hukumarmu ya cika, sunanta yana jerin masu jira. Har yau ba a kira masu jiran ba. Bayan damina biyu aka yi mata aure, na kuma halarci ɗaurin auren. Ba wai ina kushe aure ba ne, Allah ya ba su zaman lafiya. Amma da shekara ta zagayo na sake bi gida-gida ina neman iyaye su bar yara su yi rajista, wani dattijo ya ce min, "Malam, ka daina wahalar da mu. Makarantar nan ta 'ya'yanku ce." Ban sami abin ce masa ba.

Wannan ce ɓarnar da jami'in nan bai lissafa ba. Shi a ganinsa gurbi ɗaya ya ɗauka. A ƙauyen kuwa labari ya zaga, kowa ya ji cewa 'yar wane ta ci amma ba a ɗauke ta ba. A 2018 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fito tana kuka cewa jarrabawar Kwaman ta matso amma yara 28 kacal suka yi rajista daga Jihar Zamfara. Nan da nan aka ce iyayen arewa ba sa son boko. Akwai talauci, akwai rashin tsaro, akwai rashin sanarwa, duk gaskiya ne. Amma a ƙara da wannan: talaka ba wawa ba ne, ba ya sayar da kwanon geronsa ya sayi fom ɗin abin da ya riga ya ga yadda ake raba shi.

Na san abin da 'yan uwana malamai za su ce, domin sun sha faɗa min a ɗakin malamai. Albashinmu bai taka kara ya karya ba, ma'aikacin asibiti ana duba ɗansa ba layi, me zai hana malami ya ci moriyar inda yake aiki? Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma ba na ƙin a ware wa 'ya'yan ma'aikatan makaranta wani kaso. Malamin da ke zaune a kwatas cikin harabar makaranta, yana tashi da dare idan ɗan wani ya kamu da zazzaɓi, ba laifi ba ne ɗansa ya yi karatu a nan. Amma a rubuta kason, a san adadinsa, a ɗora shi a kan gurabe ba a cire shi daga rabon ƙananan hukumomi ba, yaron kuma ya ci jarrabawa kamar kowa. Sannan mu faɗa wa juna gaskiya: ƙaramin malami ba shi ne ke cin wannan garaɓasa ba. Na ga malamin da ya tsufa yana koyarwa a makaranta, ɗansa bai samu shiga ba, alhali ɗan wanda ko ƙofar aji bai sani ba ya shiga.

Wani abin takaici, jami'an nan ba sa rububin kowace makarantar gwamnati. Firamaren da babu benci sun bar wa talaka, nasu suna makarantar kuɗi. Sai an zo kan 'yan tsirarun da suka rage da mutunci, irin makarantun kimiyya da aka fara da Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, waɗanda suka fitar wa arewa da likitoci da injiniyoyi 'ya'yan manoma, sannan kowa yake tuna cewa shi ma ɗan ƙauye ne. Shi ya sa lokacin da Gwamna Nasir El-Rufa'i ya kai ɗansa makarantar gwamnati a Kaduna a 2019 aka yi ta surutu, don abu ne da ba a saba gani ba, ko da yake daga baya ya cire shi saboda barazanar masu garkuwa da mutane.

A jami'a ma haka abin yake, sai dai can an ɗan taɓuka. Ƙa'idar jami'o'in tarayya ita ce kashi 45 ga cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimi. A 2017 hukumar JAMB ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede ta kawo tsarin CAPS, inda ɗaukar ɗalibi ke bi ta kwamfuta, kowa yana iya duba matsayinsa. Duk da haka hukumar da kanta ta bayyana cewa tsakanin 2017 da 2020 manyan makarantu sun ɗauki ɗalibai sama da dubu 700 ta bayan fage. In haka ta faru a inda kwamfuta ke sa ido, sai mai karatu ya ƙiyasta abin da ke faruwa a sakandare, inda jerin sunaye ke kwana a aljihun tebur na mutum ɗaya.

Mun yi wa abin suna mai daɗi, muna cewa alfarma. To, an taɓa neman irin wannan alfarma a wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, lokacin da wata mata 'yar babban gida daga Banu Makhzum ta yi sata, Ƙuraishawa suka tura Usama ɗan Zaidu ya roƙa mata sassauci. Kowane ɗan Islamiyya ya san amsar da aka ba shi, har da ambaton Nana Faɗima. Jami'an namu sun san hadisin, wasunsu ma suna karanta shi a tafsirin azumi.

Abin da nake nema ba ya cin kuɗi. A liƙa jerin waɗanda aka ɗauka a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma da ƙofar fadar hakimi, da sunan yaro da makinsa da firamaren da ya fito. Mutanen gari sun san 'ya'yansu, rana ɗaya ta isa su gane baƙon suna. Waɗanda suka shiga ta kashi 10 na larura su ma a fito da sunayensu, a faɗi larurar. Duk jami'in da ɗansa ke cikin masu neman gurbi ya janye daga kwamitin tantancewa na wannan shekarar. Kafin a karɓi takardar kammalawa kuma, a nemi rajistar kiran suna ta aji biyar da ta aji shida, domin rubuta suna ɗaya a ƙarshen littafi abu ne mai sauƙi, cika masa alamar halarta ta shekara biyu da tawada iri-iri kuwa aiki ne. Kwamitocin kula da makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai su daina tsayawa ga karɓar kuɗin gyaran famfo, su riƙa neman ganin jerin.

Kai kuma Malam Edita, akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta bai wa kowane ɗan ƙasa damar neman takardun hukumomin tarayya a rubuce. Idan lokacin ɗaukar ɗalibai na bana ya yi, ka sa wakilinka ya nemi jerin sunayen makarantar Fedaral ɗaya tak, ya ɗauki sunaye goma daga kason jiha, ya je firamaren da aka ce sun fito ya tambayi 'yan ajinsu ko sun san su. In ya biyo ta wajenmu zan raka shi da kaina, na san hanyoyin.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Naka,
Tsohon hedimastan firamare,
daga Jihar Katsina.